A-kori-kurar Baffa da Kunnen Gwaggo

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Baffa, ƙanen mahaifina wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, ya koma ranar wata Alhamis da hantsi, a tsakiyar damina, bayan 'yar jinyar da ba ta tayar wa kowa da hankali ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa mun dawo, rigunanmu sharkaf da ruwan sama.

Ina zaune a tabarma ƙofar gidansa a Dutse Alhaji ina karɓar gaisuwa, sai na lura da wani abu. Duk wanda ya zo, in ya gama "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa," kafin ya sa takalmi sai ya waiwaya ya dubi motar. Tana nan gindin mangwaro inda ya ajiye ta da hannunsa, tsohuwar a-kori-kura mai dogayen ƙafafu, da bututu a tsaye gefen gilashi. Taɓon makon jiya ma bai gama bushewa a jikinta ba.

Tsofaffin abokan aikinsa na ma'aikatar gwamnati suka zo cikin manyan riguna. Ɗayansu ya tsaya ya riƙe haɓa, ya ce, "Allah sarki! Ashe har yanzu wannan abar tana nan? Mun yi mun yi da shi ya rabu da ita, ya ce ba mu san daɗin duniya ba." Maƙwabcinmu Bakatsine mai shagon kayan masarufi ya share ido da hannun riga, ya ce, "Wallahi ranar Asabar ba na buƙatar agogo. In ya tayar da ita har gwangwanin madara rawa yake yi a kanta. Na sha yin tsaki a zuci. Yau ga shi ina neman ƙarar ban samu ba." Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa, Allah ya shirye shi, har ya matso kusa da ni yana tambaya cikin raɗa ko magada za su sayar.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Oga makaniki, Bayarabe ne mai gareji a bayan tashar Jabi. Bai iya zaman tabarma ba. Ya gaisa a tsaye, ya tafi ya durƙusa jikin tayar baya ya dafa ta, yana cewa da Hausarsa ta Abuja, "Baba ya tafi. Baba ya tafi ya bar motansa. Wa zai kula da shi yanzu?" Da motar yake, amma duk wanda ya ji sai da idonsa ya kawo ruwa.

Cikin duk wannan taro mutum ɗaya ce babu, kuma ita ce ta fi kowa haƙƙin a yi mata gaisuwa. Gwaggo, yayar Baffa, tsohuwa ce makauniya, tana zaune a wani ɗan ƙauye bayan Jiwa, ƙetaren rafi. Ba ta san ƙanenta ya rasu ba. Tun kafin a fita da gawa Inna, matar Baffa, ta aiko daga cikin gida cewa kada wanda ya kuskura ya buga waya can. "Ba a faɗa wa tsohuwa mutuwar ƙanenta a waya," in ji ta. "A je a zauna a gabanta." To, zuwan ne aiki, domin ruwan da aka kwana biyu ana yi ya cika rafin har baki. Ga shi kuma Asabar tana matsowa, ranar da Gwaggo ke zama tana jiran ƙarar motar nan.

Bari in koma baya kaɗan, don wanda bai san gidanmu ba. Asalinmu ƙasar Zazzau ne. Gwaggo ce babba a ɗakinsu, mahaifina na tsakiya, Baffa auta. Mahaifiyarsu ta rasu Baffa bai isa yaye ba, Gwaggo ce ta goya shi. Shi ya sa bai taɓa ce mata Yaya ba, Iya yake ce mata. Ita kuwa har gemunsa ya yi fari fat ba ta daina ce masa Auta ba. Aure ya kawo ta ƙasar Jiwa tun Abuja tana daji, shi kuma boko ya kawo shi daga baya, lokacin da aka kwaso ma'aikatu daga Legas.

Bayan mijinta ya rasu idonta ya fara hazo. Aka yi ta zaryar asibiti har likitoci suka ce sai haƙuri. Baffa ya ɗauko ta ya kawo ta Dutse Alhaji, ya ba ta ɗaki mai tayil da fanka da banɗaki a ciki. Ba ta daɗe ba. Yau ta yi karo da ƙofa, gobe santsi ya kwashe ta, jibi ta rasa inda buta take. Wata safiya ta kira shi ta ce, "Auta, mayar da ni. A gidana ƙafata tana gani. Na san inda randa take, na san inda turmi yake. Nan kuwa kun mai da ni kayan ɗaki." Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya kawo hadisi. Ta ce ta ji, a mayar da ita. Wa ya isa ya ja da wadda ta goya shi? Ya mayar da ita wurin surukarta da jikoki.

Matsalar ita ce hanya. Kana wuce Jiwa kwalta take ƙarewa, sai jar ƙasa, sai rafi marar gada, sai wani hawa mai tsawo da ke kai ka har gindin tsamiyar ƙofar gidanta. Da rani ƙaramar motarsa takan lallaɓa ta kai. Da damina kuwa sai dai ɗan acaɓa ya sauke ka a bakin ruwa, ka naɗe wando ka ratsa, ka hau tudun da ƙafa. Gwiwoyin Baffa sun riga sun ƙi wannan aiki. Daminar farko ya yi makonni bai sa ta a ido ba, abin ya tsaya masa a rai. Za ka gan shi zaune a zaure yana kallon hadari kamar da shi suke rigima.

Lokacin ne farar hula suka dawo mulki, kuɗi ya shigo gari. Kowa da wayarsa a kunne, gine-gine na tashi ta ko'ina, fulotin da ka raina bara bana ya fi ƙarfinka. Abokan Baffa da suka yi ritaya tare kowa ya sayi jif mai baƙin gilashi. Shi kuma kuɗin sallamarsa rufin gida da karatun yara sun cinye mafi yawansu. Ya je wurin masu sayar da motoci sau ɗaya, ya dawo yana dariya. "Na tambayi farashin jif," in ji shi, "na yi wa mai ita addu'a na fito."

Bayan 'yan kwanaki sai ga wata mota ta jawo wata da igiya har ƙofar gida. Wani kamfanin gine-gine ne ya yi gwanjon tsofaffin motocinsa, Baffa ya ɗauko wadda kowa ya tsallake. Fenti ya koɗe, ƙofa ɗaya da waya aka ɗaure ta, kujera duk soso a waje. Inna ta leƙo ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Malam, wannan sayowa ka yi ko tsintowa?" Ya shafa bodin ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani."

Ku sani fa, Baffa mutumin biro da fayil ne. A lokacin in ka miƙa masa sifana bai san ta ina ake riƙe ta ba. Amma Allah ya yi shi da nacin tambaya. Rani guda ya yi a garejin Oga a Jabi, zaune a benci da kaftaninsa da hula, yana tambayar wannan mene ne, wancan me yake yi, in aka cire shi me zai faru. Oga yakan ce, "Baba, wannan mota ya tsufa, ka bar shi ya huta." Baffa ya ce, "Ni ma na tsufa, ka ga na huta?" Dokarsa guda ce: ba a sayen sabon abu in tsoho zai yi. Fanteka suka riƙa bi, wurin masu tsofaffin ƙarafa, suna tono. Birki kaɗai yake saye sabo. Yakan ce shi ba a yi masa rowa.

Abu na farko, ya ce a ɗaga ta don kada cikinta ya riƙa dukan ƙasa. Suka samo sifirin na wata matacciyar bas suka ƙara a kan nata. Baffa ya ce a ƙara. Oga ya ce ya isa. Baffa ya ce a ƙara dai. Motar ta tashi ta yi tsayi gwanin sha'awa, sai dai ta sandare. Ranar gwaji ya lallashi Inna ta shiga, suna faɗawa ramin farko kanta ya daki rufi, ɗankwali ya faɗo. A nan ta sauka ta ƙarasa gida a ƙafa. Aka koma aka zare falle ɗaya daga ƙarafan sifirin, sannan aka jera buhunan yashi a baya daidai kan tayoyi, don su danne ta ta riƙe ƙasa. Mutanen unguwa suka sami abin tsokana, wai ga mai kai wa rafi yashi.

Tayoyi gwanjo ne masu manyan haƙora, mafi kyawun biyun ya sa a baya. Ƙarƙashin inji kuwa wata tsohuwar ƙofar ƙarfe aka yanka aka ɗaura, don kada dutse ya fasa tukunyar baƙin mai. Da ruwan farko ya sauka ya ce to, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya shiga rafin da ƙarfinsa, ruwa ya taso ya shiga inda inji ke shaƙar iska, motar ta yi tari ta mutu a tsakiyar ruwa. Manoman da suka turo shi sun daɗe suna ba da labarin dattijon da suka tarar zaune a kan rufin mota, hularsa a hannu, yana yi musu sallama kamar a zaurensa suka same shi. Daga nan ne aka samo bututun nan, na masu aikin famfo ne, aka jawo shi daga inji aka miƙe shi sama gefen gilashi, don ta riƙa shaƙar iska daga inda ruwa ba ya kaiwa. Bai sayi injin jan mota ba. Shebur yake ɗauka, da igiya mai kauri, da katako biyu, da jak.

Sai rigimar gado. Motar ta yi tsayin da Gwaggo ba ta iya hawa in za a kai ta asibiti, sai an ɗaga ta, ita kuwa ba ta son a ɗauke ta kamar buhu. Baffa ya shiga ɗakin ajiya ya ga tsohon gadon ƙarfe na Inna, na aurenta, mai zanen furanni a kai, an jingine shi shekara da shekaru. Ranar Inna ta tafi suna. Kafin ta dawo mai walda ya yanka shi ya yi matakala mai hawa biyu da marikin hannu, furannin suna nan a jiki. Ban taɓa ganin ran Inna ya ɓaci irin na ranar ba. "Gadon aurena, Malam? Gadon da mahaifina ya ɗauko a ka daga tasha? Ko tambaya babu?" Ya ce ai ba a kwana a kai. Ta ce, "Takardun makarantarka ma ba a kwana a kai, in hura wuta da su?" Shi ma ya san ba shi da gaskiya. Mako guda tuwo kawai ake ajiye masa, ba sannu ba madalla.

Gwaggo ce ta kashe wutar ba da saninta ba. Ranar da ta fara hawa ta kai hannu ta shafa marikin, ta bi furannin da yatsa, ta ce, "Kai, Auta! Wannan ai gadon amarya ne. Ni na yi mata jere da shi." Ta sa aka cika ƙwarya da ƙwan zabi aka kai wa Inna, da saƙon cewa ta yi haƙuri, tun yana yaro haka yake, in ya so abu ba ya gani. Inna ta ce in dai ƙafar Iya ce za ta taka, ta yafe. Ta yafe ɗin, amma har ya koma ga Allah duk ranar da suka saɓa sai gadon nan ya taso.

Tun daga nan Asabar ta zama ta Gwaggo. Biki ko taron unguwa, in ya faɗo Asabar, sai dai a yi ba da shi ba. Da yammacin Juma'a zai duba ruwan lagireto da baƙin mai, ya ƙwanƙwasa tayoyi, yana cewa ba a fafe gora ranar tafiya. In an kai bakin rafi sai ya sauka ya rage iskar tayoyin don su baje su kama laka, in an dawo kwalta a tsaya wurin mai faci a mayar. In wani ya ce, "Alhaji, wannan wahala haka?" amsarsa ɗaya ce: "Zumunta a ƙafa take. Tawa ƙafar ta tsufa, shi ya sa na sa mata taya."

Akwai wani halinsa da nake so a tuna. Bai taɓa wuce mai tafiya a ƙasa a hanyar nan ba. Mata masu ɗauke da itace ko doya, tsoho mai fartanya, duk tsayawa yake yi. Kuma ba ya cewa zo in rage maka hanya. Cewa yake, "Don Allah ku taimaka mini ku hau, bayan nan ba nauyi, santsi take yi." In sun yi yawa sai ya sauke buhun yashi a gefen hanya, ya ɗauka a dawowa. Haka za su hau suna ganin su ne suka yi masa alheri, in sun sauka shi ne mai yin godiya. Ban taɓa ganin ya karɓi ko sisi ba, sai dai wani lokaci mu dawo mu tarar da doya a bayan mota ba mu san wanda ya ajiye ba.

Saura maganar ƙara. Salansar motar, wato tukunyar da ke rage kukan inji, a fashe take tun daga gwanjo. Baffa ya gyara komai ya bar ta. In ya tayar da ita kaji watsewa suke yi. Oga ya yi magana, maƙwabta suka yi, bai kula ba. Ɗan farinsa, wanda muke kira Yaya, lokacin ya sami aiki mai kyau a wata hukuma a cikin gari, abin yana damunsa. Ba girman kai ba ne, tausayi ne, yana ganin mahaifinsa ya fi ƙarfin a riƙa nuna shi da baki. Da Baffa ya yi tafiya Zariya, Yaya ya kai motar Jabi ya sa aka ɗaura mata sabuwar salansa fil, don ya ba shi mamaki. Motar ta koma shiru kamar ba ita ba. Baffa ya dawo ya ji, ya ce, "Allah ya yi albarka," amma fuskarsa ba ta saki ba.

Asabar ɗin nan ina tare da shi. Muka ratsa rafi, muka hau tudu, muka tsaya gindin tsamiya, ba kowa a ƙofa. Da can kullum muka iso za mu tarar an share tsakar gida, an shimfiɗa tabarma, fura na cikin ƙwarya, Gwaggo na zaune a miƙe da atamfarta mai kyau da turare, tana cewa, "Auta, ka makara." Ranar kuwa muka yi sallama muka shiga, muka same ta kwance a ƙasa bakin ɗaki, da wani tsohon zane, kai ba ɗankwali, tana nishin ciwon baya. Da ta ji muryarsa ta zabura tana lalube tana neman mayafi. "Wane ne? Auta? Ya aka yi ban ji ka ba?" Kunya ta kama ta, har muka tafi ba ta saki jiki ba. A nan na gane cewa tun daga gangaren rafi take jin motar, kuma tsakanin rafi da tsamiya take tashi ta shirya, don kada ƙanenta ya ga yadda tsufa ya yi da ita. Shi ma ya sani. Shekaru suna wannan ɓoyon a tsakaninsu, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Muka kamo hanyar dawowa. Muna isa gida ya kira Yaya, bai ɗaga murya ba. "Na san alheri ka nufa," in ji shi, "amma gyaran gangar auzinawa ka yi mini. Gwaggonku da kunne take gani. Ka rufe mata ido sau biyu." Yaya ya sunkuyar da kai. Washegari da kansa ya je Jabi, suka tono tsohuwar salansar daga cikin tarin ƙarafa aka mayar. Sabuwar tana nan rataye a ɗakin ajiya, inda gadon Inna yake a da.

A shekarunsa na ƙarshe ni nake raka shi, don ya koya mini hannu. Sai dai bai taɓa bar mini sitiyari daga rafi zuwa tsamiya ba. In mun kai bakin ruwa zai ce, "Matsa, nan nawa ne." Ni kuwa ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka bai yarda da tuƙina ba ne.

To, ranar Juma'ar da ta biyo rasuwarsa ruwa ya ɗauke. Asabar da safe Inna ta kira ni da Yaya, tana zaune a kan tabarmar takaba, ta ɗauko makullin daga ƙarƙashin matashi ta miƙo mini. "Ku je ku zo da ita." Yaya ya faɗi abin da ke cin raina ni ma. "Inna, za ta ji ƙarar ta ɗauka shi ne. Za ta tashi ta yi kwalliya, ta dama fura, sannan mu shiga mu ce mata ya mutu." Inna ta share hawaye ta ce, "To da wace motar za ku haye? Ku je, Allah ya ba ku abin faɗa."

Da na murza makulli ta ɗauka da ƙarar nan, mata suka fashe da kuka a cikin gida. Bakatsine ya fito ƙofar shago ya tsaya, hannu biyu a ka. Har muka wuce Jiwa kowa a cikinmu yana harhaɗa kalmomin da zai fara da su a ransa. A bakin rafi na sauka na rage iska yadda na ga yana yi. Ruwan ya ja baya amma da sauran ƙarfinsa. Na yi bisimilla na shiga, ya taso har ƙasan ƙofa, motar ta yi gurnani ta fita. Muka kama hawan, ƙarar tana gaba muna binta, ba yadda za mu yi mu ɓoye. Wallahi ban taɓa ƙin jinin wani sauti kamar yadda na ƙi shi a wannan tudun ba.

Da muka kai tsamiya, ba tabarma, ba ƙwarya. Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa da tsohon mayafi, takalmi a ƙafa, ɗan ƙullin kayanta a hannu. Surukarta na bayanta tana toshe baki da gefen zane. Daga baya ta gaya mana cewa Gwaggo ta ji mu tun daga ruwa, ta ce a miƙo mata atamfa, har ta fara ɗaurawa. Da muka kama hawan sai ta tsaya cak tana saurare. Can ta kwance atamfar ta ce, "Ɗaure mini kayana."

Na kashe mota muka sauka. Duk abin da muka shirya faɗa ya gudu.

"Wa ya tuƙo?" in ji ta.

"Ni ne, Gwaggo."

"Mai sunan Baba." Haka take kirana. Ta gyaɗa kai. "Motar tasa ce, ƙafar ba tasa ba ce. Auta ba ya ba kowa tudun nan in yana da rai. Yaushe?"

Yaya ya durƙusa a gabanta ya ce, "Shekaranjiya, Gwaggo. Da hantsi."

Ta yi salati a hankali, ta maimaita. Ta lalubo kan Yaya ta dafa. "Kun yi masa sutura da kyau?" Ya ce an yi. Ta ce, "Madalla. Ni na goya shi, shi ya kamata ya kai ni. Auta bai taɓa yi mini rashin kunya ba sai yau." Sai a lokacin hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

Ba ta yarda an riƙe ta ba. Ta kama marikin nan mai furanni, ta taka matakalar gadon Inna, ta hau ta zauna a tsakiya, Yaya a bakin ƙofa. Muka gangara, muka ratsa ruwa, tafin hannunta a kan kujera inda rawar inji ke ratsowa. Ni kuwa tunanin da ke raina shi ne daga yau shi ke nan. Za a yi zaman makoki a watse, za ta ce a mayar da ita don ba ta zama a tayil, mai sayen ƙarafa zai dawo da tayinsa, ciyawa ta rufe sawun taya a tudun nan.

Sai da muka hau kwalta ta yi magana, ba ta ko juyo ba.

"Mai sunan Baba, ka cika gaggawa a hawan. Kana canja giya tun ba ta nema ba. Shi barinta yake yi ta yi kukanta har ta kai tsamiya."

Na ce, "To, Gwaggo."

Ta ce, "Ba komai. Za ka koya."

Yaya ya juya yana kallon waje. Da mai sayen ƙarafa ya dawo bayan sadakar bakwai, Yaya ne da kansa ya fita ya sallame shi.

Ya Allah, ga bawanka nan, autan Iya, ya zo maka. Bai wuce mai tafiya a ƙasa ba, kada ka bar shi a hanya. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sa ƙetarewar da ke gabansa ta fi masa rafin bayan Jiwa sauƙi. Mu kuma da muka gaji makullin, ka ba mu ikon riƙewa.

Asabar ɗin da ta wuce na bar ta a giya ta biyu tun daga bakin ruwa har tsamiya. Na tarar an share tsakar gida, tabarma a shimfiɗe, fura a ƙwarya, Gwaggo zaune a miƙe da atamfarta. Na yi sallama, ta amsa, ta ce, "Ka makara."